Tauraro a Sama, Kunne a Ƙasa: Ina Ƙarfin Najeriya Yake a Harkar Samaniya?

A majalisun Agege da Idi-Araba, idan hira ta gangaro kan taurarin ɗan'adam na Najeriya, kawuna sukan rabu biyu. Wasu su ce kuɗi ne kawai aka ƙona, tunda har yau tauraron bai nuna maɓoyar 'yan bindiga ba. Wasu kuma su shiga lissafin taurarin da aka harba, kamar yawansu shi ne ma'aunin ƙarfi. Dukkansu sama suke kallo. Amma sayen tauraro daban, iya ƙera shi daban, iya harba shi daban, sannan iya kama siginar da ta taso daga nesa a auna ta daidai shi ma fanni ne mai zaman kansa. Wannan na ƙarshen, wanda ilmin falaki na rediyo ke koyarwa, shi ne mafi araha, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, hedikwatarta na Abuja. Tauraro na farko, NigeriaSat-1, kamfanin SSTL na Ingila ne ya ƙera shi, aka harba shi daga Plesetsk a Rasha a watan Satumba na 2003. Kowane ɗigo a hotonsa yana wakiltar fili mai faɗin mita 32, kuma lokacin da yake aiki, a wucewa guda yakan ɗauki shimfiɗar ƙasa mai faɗin kilomita 600. Da irin wannan hoto ba a ganin gida, amma ana ganin iyakar ambaliya, yaɗuwar hamada da yanayin gonaki. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X tare, daga Yasny a Rasha. Na farkon yana kaiwa mita 2.5 a hoton fari da baƙi, na biyun mita 22, kuma injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu, sai dai a masana'antar SSTL, da kayanta, a ƙarƙashin kulawarta.

Mita 2.5 na nufin tirelar da ta tare hanyar Apapa za ta fito kamar ɗan gajeren layi. Mutum a gindin bishiya ba zai fito ba ko kaɗan. Tauraron da ke tafiya a nisan kilomita 700 ba ya tsayawa a kan daji yana gadi. Yana wucewa cikin mintuna, ya ɗauki hoto, sai kuma wani zagayen. Idan hadari ya rufe, kyamararsa ba ta ganin komai, kuma duk wanda ya zauna a Legas ya san yadda sama take daga Afrilu zuwa Oktoba. Abin da ke huda gajimare shi ne tauraro mai rada, wanda ke aika igiyar rediyo ya saurari dawowarta, kuma babu irinsa cikin waɗancan ukun. NigeriaSat-2 kuwa shekara bakwai aka tsara masa, ya daɗe da wuce su.

Ɓangaren sadarwa labarinsa daban. NigComSat-1, wanda Chaina ta ƙera ta harba daga Xichang a watan Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsala a na'urar da ke juya farantan solarsa: wuta ta yanke, batir ya ƙare. An maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011, yana zaune a digiri 42.5 gabas, nisan kusan kilomita 36,000, inda tauraro ke zagayawa daidai da juyawar duniya har ya zama kamar a tsaye yake. Shekara 15 aka ɗiba masa. Abin da ke ƙayyade ransa shi ne man da yake fesawa don riƙe matsayinsa, kuma babu gidan mai a can.

Roka fa? A nan Legas, a Epe, NASRDA na da cibiyar binciken sufuri da injinan roka, inda ake gwajin ƙananan rokoki. Aikin na da amfani, amma kada a ruɗe. Kafin abu ya zauna a falaki, dole ya yi gudun kusan kilomita 7.8 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato wajen kilomita 28,000 a awa, kuma a kwance, ba tsaye ba. Rokar da ta tashi sama ta faɗo ba ta ko kama hanyar wannan ba. Ana yawan cewa kusancinmu da ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu, gata ne, kuma gaskiya ne, juyawar duniya na ba roka kyautar kusan mita 460 a daƙiƙa idan gabas aka harba ta. Sai dai gabashin Epe garuruwa ne har Kamaru, kuma gangar roka tana faɗowa ƙasa. Kudu ne ke da buɗaɗɗen teku, wanda ya dace da taurarin ɗaukar hoto masu bi ta ƙarshen arewa da ƙarshen kudu na duniya, inda waccan kyautar ba ta da amfani. A ganina wannan ɓangaren ne ya fi nisa, shi ne kuma ya fi cin bakin 'yan siyasa.

Abin da ƙasar nan ta daɗe da shi shi ne matsayi mai kyau a ƙasa. Amurkawa sun gane haka tun farkon shekarun 1960: hukumarsu ta sararin samaniya, NASA, ta kafa tashar bibiya a Kano don Mercury, shirinta na farko na aika mutum samaniya, kuma kumbon John Glenn ya yi magana da ita a 1962. A Agustan 1963, jirgin ruwan Kingsport mai ɗauke da babban dish ya tsaya a tashar Legas, ta kansa Shugaba Kennedy ya yi waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ta tauraron Syncom 2. A waɗannan shekarun ne kuma wani ɗan Najeriya, Samuel Okoye, yake digirin digirgir a Kambirij a ƙarƙashin Antony Hewish. Su biyun sun gano wani ɗan ƙaramin tushen rediyo mai tsananin haske a cikin gajimaren Crab, suka wallafa a 1965. Daga baya aka tabbatar fulsa ce, ragowar tauraron da ya fashe, mai juyawa sau 30 a daƙiƙa. Okoye ya dawo ya kafa binciken falaki a Jami'ar Nsukka, kuma a garin ne cibiyar NASRDA ta ilmin samaniya na tushe take a yau.

Ilmin falaki na rediyo ba wani abu ba ne illa sauraron igiyoyin rediyo da rana, taurari da iskar da ke tsakaninsu ke fitarwa da kansu. Karl Jansky ne ya fara jin su a farkon shekarun 1930 yana neman abin da ke damun layukan waya. Ya dace da ƙasa irin tamu saboda dalilai na zahiri. A zangon megahaz 1420, gajimare, ruwan sama da ƙurar hunturu ba sa tare sigina, kuma ana aiki dare da rana. Legas na kan digiri 6.5 arewa, don haka kusan dukkan sama, ta kudu da ta arewa, tana bi ta kanmu cikin yini guda. Tsakiyar gungun taurarinmu na Milky Way kan hau har digiri 54 sama da sararin kudu, alhali daga Ingila da ƙyar take leƙowa. Abu mafi muhimmanci kuma, duk ƙwarewar da tashar karɓar tauraron ɗan'adam ke buƙata tana cikinsa: saita dish, rage hayaniyar na'ura, riƙe agogo daidai, sarrafa bayanai. Bambancin kawai siginar falaki ta fi rauni nesa ba kusa ba. Wanda ya iya kama ta, kama tauraron ɗan'adam ba zai ba shi wuya ba.

Gwaji na farko da kowace jami'a ko kwalejin kimiyya za ta iya yi shi ne kama haidirojin. Wannan iska da ta cika gungun taurarinmu tana fitar da igiya a megahaz 1420.4, tsawonta santimita 21. Ana buƙatar tsohon dish babba na raga, irin na mita 2.4 ko 3 da ake gani sun yi tsatsa a saman tsofaffin gidajen Ikeja da Surulere, ko a hannun 'yan gwangwan. Ƙaramin dish na talabijin mai santimita 60 ko 90 ya yi kaɗan. Faɗin abin da dish ke gani a sama ana samunsa ne idan aka ninka tsawon igiya sau 70 aka raba da faɗin dish: na mita 3 zai ba da kusan digiri 5, wato faɗin wata sau goma. Ramukan raga kada su wuce santimita 2, lanƙwasa kuma kada ta kauce fiye da santimita 1. Ana gane dish ɗin da ya murɗe ta hanyar ɗaura zare biyu daga baki zuwa baki su gitta juna. Idan ba su taɓa juna a tsakiya ba, sai mai walda ya gyara haƙarƙarinsa.

Na'urar LNB da masu ɗaura dish suka saba da ita ba ta da aiki a nan, don ta zangon gigahaz 10.7 zuwa 12.75 ce. Cire ta za a yi a sa gwangwani. A samu gwangwanin ƙarfe mai faɗin santimita 15 da tsawon wajen 30, baki ɗaya a buɗe. A auna santimita 9 daga gindinsa a huda, a ɗaura konekta, a jona mata wayar tagulla miƙaƙƙiya mai tsawon santimita 5 da ɗan ɗoriya tana tsaye a ciki. Wannan 'yar wayar ita ce eriyar. Wurin da za a kafa gwangwanin kuwa lissafi ne: a ninka faɗin dish da kansa, a raba da zurfinsa sau 16. Dish mai mita 3 da zurfin santimita 50 zai ba da mita 1.125 daga tsakiyarsa. Idan gwangwanin ya yi faɗi da yawa igiya takan shiga ta fasali fiye da ɗaya ta ɓata awo, idan kuma ya gaza santimita 12.5 ba za ta shiga ba sam.

Kuskuren da ya fi kashe wannan aiki shi ne ajiye amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, a ɗaki don gudun ruwan sama. Wayar RG6 da ake sayarwa a Alaba tana cinye rabin ƙarfin sigina a kowace mita 12 zuwa 15 a wannan zango, sannan ta ƙara tata hayaniyar. Abin da aka rasa kafin amfilifaya ta farko ba ya dawowa. Dole a manna ta a jikin gwangwanin, ta zama mai ƙarancin hayaniya, ƙasa da desibel 1, da matatar da ke barin zangon 1420 kawai ya wuce a tare da ita. Daga nan ne za a ja doguwar waya zuwa 'yar na'urar karɓar rediyo da ake kira SDR, mai shiga ramin USB na kwamfuta, wadda ke ɗaukar faɗin megahaz 2.4 a lokaci guda. A Legas iskar teku mai gishiri da laima suna cin konekta cikin 'yan watanni. A naɗe kowace da tef mai manne wa kansa, a sa amfilifaya cikin roba mai ƙaramin rami a ƙasa don raɓa ta tsiyaye. Robar da aka toshe ruf ita ce ke tara ruwa. A kuma haɗa ƙarfen dish da sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa, a cire waya idan hadari ya taso, don aradu ko a nesa ta faɗi tana ƙona amfilifaya.

Ba a buƙatar mota mai juya dish. A kallar da shi sama tsaye cak, a bar duniya ta yi juyin. Sama na tafiya digiri 15 a awa, kuma daga Legas faifan Milky Way yana bi ta tsakar ka sau biyu a kowane yini. Kafin a fara, a yi gwajin lafiya: a juya gwangwanin ya kalli ƙasa ko bango, sannan ya kalli sama. Ƙasa na da ɗumin kusan digiri 300 a ma'aunin Kelbin, sararin sama kuwa 'yan digiri kaɗan ne, don haka dole a ga ƙarfin hayaniya ya faɗi sosai. Idan bai motsa ba, akwai abin da ya mutu a layin. Siginar haidirojin ba ta fitowa nan take. Kwamfuta na tara awo ne tana ɗaukar matsakaici, kuma hayaniya na raguwa da rabi ne kawai idan an ninka lokaci sau huɗu. Minti uku zuwa biyar sun isa a ga ɗan tudu a kan layi. A ɓangaren da ke kallon cikin gungun, tudun kan rabu gida biyu ko uku, kowanne hannu ne na gungun, wato jerin taurari da iska da ya naɗe kewaye da tsakiyarsa, mai tafiya da nasa gudun, domin kowace kilomita ɗaya a daƙiƙa tana gusar da zangon da kilohaz 4.7. Sai an cire tafiyar duniya kanta a kewayen rana, kilomita 30 a daƙiƙa, kafin lissafin ya zauna.

Yadda ake raba gaskiya da ƙarya yana da sauƙi, kuma shi Jansky ya yi amfani da shi. Abin da ke sama yana dawowa kowace awa 23 da minti 56, wato kullum yana riga jiya da minti huɗu. Abin da ke bin agogon mutane, kamar janaretan maƙwabci da ake tayarwa bayan magariba, lokacinsa ba ya gusawa.

A nan ne Legas ke nuna halinta. Dokar ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta haramta watsa komai tsakanin megahaz 1400 da 1427, amma doka ba ta hana yoyo. Wayar salula mai aikawa a megahaz 710 tana iya zubo ninkinta na biyu daidai kan 1420. Tashar talabijin da ke kusa da 473 ninkinta na uku nan yake sauka. Na'urorin jiragen sama da na filin jirgin Ikeja suna aiki a 1030 da 1090, turakun salula a 900 da 1800, kuma ko da ba su shiga zangon ba, ƙarfinsu kan cika amfilifaya har ta fara ƙirƙiro siginar ƙarya. Ga inbata, ga caja mai araha, ga ƙwan LED, ga ita kanta kwamfutar da ake awon da ita. Neman siginar falaki a Ikeja kamar sauraron raɗa ne a tsakiyar kasuwar Mile 12. Da matata mai kyau haidirojin kan fito duk da haka, don yana da ƙarfi a ma'aunin falaki, amma binciken fulsa ko taurari masu nisa ba zai yiwu a nan ba. Legas wurin ƙera kaya da horar da hannu ne: akwai masu walda, akwai masu gyaran allon waya a Computer Village da suka iya sodar ƙananan abubuwa, akwai tashar jiragen ruwa. Sauraron kansa sai an fita da shi.

Maƙwabciyarmu Gana ta nuna hanya ɗaya. A Kuntunse kusa da Accra akwai dish mai mita 32 na tsohuwar harkar wayar ƙasa da ƙasa, wanda ya rasa aiki bayan zuwan wayoyin ƙarƙashin teku. Da taimakon Afirka ta Kudu aka mayar da shi na'urar falaki, aka buɗe a Agustan 2017, yana sauraro a gigahaz 5 da 6.7. Mu ma mun yi irin waɗannan tashoshi, Lanlate a jihar Oyo da Kujama a Kaduna, kuma wayoyin teku irin su SAT-3, MainOne da Glo-1 da suka sauka a Legas su suka karɓe musu aiki. Amma mayar da dish ba fenti ba ne. Na sadarwa an yi shi ya kalli tauraro ɗaya ya tsaya, na falaki kuwa dole ya bi abu a hankali daga gabas zuwa yamma ba tare da karkarwa ba. Sai an sauya motoci da giya, an sa na'urorin auna kusurwa, an tsara yadda wayoyi za su naɗe ba su tsinke ba. A gigahaz 6.7 dish mai mita 32 yana ganin kashi ɗaya cikin goma na digiri ne kawai, don haka kuskuren saiti kada ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, fuskar dish kuma kada ta kauce fiye da milimita 2. Idan tsatsa ta ci ƙafafun ƙarfen, gina sabo ya fi araha.

Darajar irin wannan dish tana fitowa ne idan an haɗa shi da wasu. Idan tashoshi biyu masu nisan dubban kilomita suka saurari abu ɗaya a lokaci ɗaya, aka haɗa abin da suka naɗa, sukan ba da kaifin gani kamar dish guda mai faɗin tazararsu. Turai na da tashoshi da yawa, Afirka ta Kudu na da tashar Hartebeesthoek, tsakaninsu kuwa wawakeken giɓi ne, kuma Afirka ta Yamma na tsakiyarsa. Sharaɗin shiga shi ne agogon atom na haidirojin, wuta marar yankewa, da layin intanet mai kauri: naɗin gigabit ɗaya a daƙiƙa na awa takwas terabait 3.6 ne. Manyan na'urorin karɓa kuma ana sanyaya su da iskar hiliyom zuwa wajen digiri 20 na Kelbin. Idan wuta ta ɗauke suka ɗumama, sai an shafe sa'o'i masu yawa kafin su koma. Wannan ne ya sa kasafin gudanarwa na kowace shekara ya fi kuɗin gini muhimmanci, kuma a nan ayyukan gwamnati suka saba mutuwa, bayan an yanke ƙyalle an watse.

Afirka ta Kudu ta buɗe na'urar falaki ta MeerKAT mai dish 64 a yankin Karoo a 2018, kuma tana ɗaukar rabin SKA, babban shirin ƙasa da ƙasa na gina na'urar sauraron falaki, tare da Ostireliya. Ƙasashen Afirka takwas ne abokan tafiyarta a shirin, har da Gana, Kenya da Zambiya. Najeriya ba ta ciki. Abin lura shi ne tun 2007 Afirka ta Kudu ta yi dokar da ta keɓe yankin Karoo daga hayaniyar rediyo, shekaru kafin a kafa dish na farko na MeerKAT. A nan, wannan aiki ne na majalisar rabon zango ta ƙasa tare da hukumar sadarwa NCC da ta gidajen rediyo da talabijin NBC, kuma kowace shekara da aka jinkirta, turakun salula na ƙara mamaye wuraren da suka rage shiru. Daga sama ma an samu sabon baƙo, tunda Starlink ya fara aiki a ƙasar nan a Janairun 2023, kuma tudu ba ya tare abin da ke saman kai.

Wurin da ake nema kwari ne da duwatsu suka kewaye, nesa da babban gari da hanyar jiragen sama, mai busasshiyar iska idan ana son hawa zuwa gigahaz 22 inda tururin ruwa ke shanye sigina. Tsaunukan Jos da Mambila sun cancanci a auna su, haka yankin Toro a Bauchi inda NASRDA ta riga ta ke da cibiyar awon ƙasa, wadda ita ma za ta amfana, don da irin waɗannan dish ake auna motsin nahiyoyi. Awon ba ya buƙatar biliyoyi: na'urar tantance zango, eriya mai faɗin ɗauka daga megahaz 70 zuwa gigahaz 10 a kan sanda mai mita 5, batir da sola maimakon janareta, a juya ta kowace kusurwa, a naɗa dare da rana na aƙalla mako biyu a kowane wuri, a maimaita da damina da rani. A kashe wayoyin masu awon, a kuma sa kwamfutar cikin akwatin ƙarfe, in ba haka ba hayaniyar kansu za su naɗo su ɗora wa wurin laifi.